Shawarwarin da aka ba Kawu a fada

Jiya da dare a fadarmu nan Tawa zance ya faɗa kan Kawu da ya yi ritaya, ya ce shi kam a Abidjan zai zauna. Waɗanda suka daɗe can suka ce zafin ba irin namu ba ne, gumi ne kawai dare da rana, kaya ma fumfuna suke yi cikin akwati in ba a shanya su ba, musamman watan Yuni da ruwa ba ya ɗaukewa. Gidan sauro dole. Kuɗi dai sefa ɗaya ce, ba canji, amma haya a unguwar Adjame ba wasa, wai ya biya ta da zarar fansho ya shigo. Wani ya ce sai ya daure ya saba da aceke, abincin rogo na can, Kawu ya ce shi tun yanzu kewar furar gida yake.