Kiran waya ta intanet daga ƙasar waje: yaya zan riƙa samun wanda ba ya hawa intanet?

Mai Shirin Tafiya ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu ilimin wannan fanni. Ina shirin tafiya ƙasar waje domin wani kwas da zai ɗauke ni watanni, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda zan riƙa jin muryar iyalina ba tare da kuɗin waya ya cinye guzurina ba. Maiɗakina da ƙannena duk suna da manyan wayoyi, saboda haka ina sa ran WhatsApp zai wadatar tsakanina da su. Mahaifiyata kuwa ƙaramar waya take riƙewa wadda ba ta hawa intanet, kuma ba na so ya zama sai an kai mata wayar wani kafin mu gaisa. Shin akwai hanyar da zan kira lambarta kai tsaye ta intanet daga inda nake?

Sannan akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai ko a nan gida. Sau da yawa ina iya kallon bidiyo ba tare da tangarɗa ba, amma da zarar na fara kiran murya sai magana ta riƙa yankewa, ko kuma mu riƙa yin karo da wanda nake magana da shi, kowa yana tsammanin ɗayan ya yi shiru. Idan intanet ɗin ya iya ɗaukar bidiyo, me zai sa murya ta gagare shi? Ina kuma neman shawara a kan layina na gida, ko in cire shi daga waya ko in bar shi a ciki.

Injiniyan Sadarwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Zan ɗauki tambayarka ta biyu tukuna, domin idan aka fahimce ta sauran za su zo da sauƙi.

A kiran intanet, wanda masana ke taƙaitawa da VoIP, wayarka tana yanka muryarka ƙanana-ƙanana, galibi kowane yanki na milisakan 20 (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), wato yanki 50 a kowace daƙiƙa, ta matse kowane yanki ta mayar da shi lambobi, sannan ta aika shi a ƙunshe zuwa wayar abokin maganarka, wadda ke jera su ta mayar da su sauti. Wannan aiki ba ya buƙatar intanet mai ƙarfi ko kaɗan. Tsohon tsarin wayar tarho na dijital yana ɗaukar murya da kilobit 64 a daƙiƙa, kuma tsarin matse sauti na Opus, wanda aka daidaita a 2012 kuma manhajoji da yawa ke amfani da shi, yana iya isar da magana mai kyau da ƙasa da rabin haka. Idan aka haɗa muryar da kake aikawa da wadda kake karɓa, kiran murya yakan ci ƙasa da megabait ɗaya a minti, kiran bidiyo ne ke ninka wannan sau da yawa.

Abin da murya ke buƙata shi ne yankunan su iso a kan lokaci kuma a jere. Lokacin da kake kallon bidiyo, wayarka tana sauke daƙiƙoƙi masu yawa na gaba ta ajiye, don haka ko hanya ta tsaya na ɗan lokaci ba za ka sani ba. Zance tsakanin mutum biyu ba shi da abin ajiyewa, domin kalmar da za a faɗa nan gaba ba a faɗe ta ba tukuna. Yankin da ya makara sosai watsar da shi ake yi, ba a jiransa, kuma wannan shi ne yankewar da kake ji. Karon da kuke yi kuwa jinkiri ne ke haddasa shi. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta nuna a shawararta mai lamba G.114 cewa idan jinkiri daga baki zuwa kunne bai wuce milisakan 150 ba, yawancin mutane ba sa lura da shi, kuma ta ɗauki milisakan 400 a matsayin iyakar da bai kamata a ƙetare ba wajen tsara hanyoyin sadarwa. Nisa kaɗai ba shi ne babban mai laifi ba, domin haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin kebul na gilashi, wato kilomita 10,000 milisakan 50 ne kacal. Inda nisa ke yin tasiri sosai shi ne idan hanyar ta bi ta tauraron ɗan'adam mai tsayuwa wuri ɗaya a kusan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, domin hawa da sauka kaɗai suna cin kusan milisakan 240.

A mafi yawan lokuta matsalar tana kusa da kai: Wi-Fi da mutane da yawa suka yi wa taron dangi, ko bango tsakaninka da na'urar Wi-Fi, ko wata manhaja a wayarka da ke ɗora hotuna a ɓoye ta cika hanyar fita. Idan kira ya fara yankewa, ka kashe bidiyo, ka matsa kusa da na'urar Wi-Fi, idan bai gyaru ba ka koma kan datar layinka. A masauki da filin jirgi, datar layi sau da yawa ta fi Wi-Fi na kyauta daidaito, ko da gwajin gudun intanet ya nuna akasin haka. Idan kana jin muryarka tana dawo maka, galibi daga ɗaya ɓangaren ne, inda sautin sifika ke komawa cikin makirufo, kuma idan abokin maganarka ya sa abin sauraro na kunne, yana maganin wannan.

Tsohuwar Matafiya ta amsa:

Ɗan uwa, batun Mama shi ne wanda na fi sani, domin na daɗe ina kiran dattawan gidanmu ta wannan hanya. Ana iya yi, amma ba da WhatsApp ba, domin WhatsApp da Signal da Telegram da FaceTime suna haɗa mai manhaja ne da mai manhaja kawai. Abin da kake nema shi ne manhajar da ke ɗaukar muryarka ta intanet har ƙasar da za ka kira, sannan ta miƙa ta ga kamfanin waya na can ya ƙarasa da ita zuwa lambar. Mama za ta ji wayarta ta yi ƙara kamar kowane kira, ba ta buƙatar data ko wani saiti. Skype, wanda ya fito a 2003 kuma Microsoft ya saye shi a 2011, shi ne ya yi suna da wannan aiki, amma an rufe shi a watan Mayun 2025. Har yanzu akwai irin su Viber Out da Rebtel.

Wannan kira ba kyauta ba ne, tun da kamfanin da ya ƙarasa da kiran sai an biya shi, kuma abin da ake biya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma tsakanin wayar hannu da wayar tarho a ƙasa ɗaya. Kada ka tsaya ga farashin minti da aka rubuta da manyan haruffa. Ka duba ko ana cire wani kuɗi daban duk lokacin da kira ya shiga, ko ana lissafa daƙiƙa goma a matsayin cikakken minti, da kuma ko kuɗin da ka zuba yana ƙonewa idan ka daɗe ba ka yi kira ba. Ka fara zuba kaɗan ka gwada, domin ingancin murya yana bambanta ƙwarai tsakanin kamfanoni, kuma mafi araha wani lokaci ta doguwar hanya yake bi da kira.

Abin da mutane ba sa tunawa shi ne lambar da za ta fito a fuskar wayar wanda aka kira. Wani lokaci baƙuwar lamba ce ke fitowa, wani lokaci kuma babu lamba sam, kuma dattijo da aka gargaɗa a kan 'yan damfara yana da hujjar ƙin ɗauka. Wasu manhajojin suna ba ka damar tabbatar da lambarka domin ita ta riƙa fitowa, ko da yake ba kullum take isa yadda aka aika ta ba. Ka yi gwajin tun kana gida, kana zaune kusa da ita, ku ga abin da ya fito tare.

Mai Bibiyar Dokoki ya amsa:

Ina so in ja hankalin mai tambaya ga wani abu da ya kamata ya bincika kafin ya dogara da WhatsApp, wato ƙasar da zai je. Ba ko'ina aka yarda da kiran intanet ba. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saƙon WhatsApp yana tafiya, amma kiran murya da na bidiyo a toshe suke, sai dai a yi amfani da manhajojin da hukuma ta ba lasisi, irin su Botim. A ƙasar Sin kuwa WhatsApp ɗin ne gaba ɗaya aka toshe tun 2017, jama'a suna amfani da WeChat. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, saboda haka a tambayi wanda ke zaune a can yanzu, kuma idan akwai manhajar da za a buƙata, kai da iyalinka ku sauke ta ku yi rajista tun kafin tafiya.

Na san wasu za su ce a sa VPN, wato manhajar da ke karkatar da intanet ɗinka ta wata hanya a ɓoye, a wuce wurin. Ni ba na ba da wannan shawara ga baƙo, domin a wasu ƙasashe amfani da shi don kauce wa toshewa yana iya jawo hukunci, kuma wanda ya je karatu bai kamata ya sa takardunsa cikin haɗari saboda kiran waya ba. Ban da haka, VPN yana ƙara wa hanya tsawo, wato yana ƙara jinkirin da Injiniya ya bayyana.

Game da sirri, WhatsApp ya fara kiran murya a 2015, kuma tun 2016 saƙonni da kiraye-kirayensa a kulle suke daga waya zuwa waya. Kiran da Hajiya Tsohuwar Matafiya ta yi bayani a kansa ba haka yake ba, domin da zarar ya fita daga intanet ya shiga layin waya, matsayinsa ɗaya da kowane kira na yau da kullum.

Injiniyan Sadarwa ya sake amsawa:

Na ga ba a taɓa batun layin gida ba, kuma a ganina nan ne aka fi yin asara. Malam, kada ka rabu da shi. Lambobin tabbatarwa na banki ta saƙon tes suke zuwa a kansa, haka kuma idan wayarka ta lalace ko ka sauya wata, WhatsApp zai aika lambar shiga ne zuwa wannan layi. Sa sabon SIM na ƙasar da ka je ba ya sauya lambarka ta WhatsApp, muddin ba kai ka nemi sauyawa ba, don haka iyalinka za su ci gaba da samunka yadda suka saba. Idan wayarka mai layi biyu ce, ko tana karɓar eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin waya ba tare da katin SIM ba, ka bar na gida a kunne domin saƙonni, ka kashe masa data, ka ɗora data a kan sabon layin. Ka tambayi kamfaninka tun yanzu ko an buɗe maka damar amfani da layin a waje, ko ana cajin wanda ya amsa kira a can, kamar yadda kamfanoni da yawa ke yi, da kuma tsawon lokacin da layi zai yi ba a amfani da shi kafin su rufe shi su ba wani lambar.

Akwai kuma kiran Wi-Fi da wasu kamfanonin waya ke bayarwa, inda kake buga lamba yadda ka saba, amma kiran ya bi ta Wi-Fi zuwa kamfaninka. Inda aka yarda ya yi aiki daga waje, wasu kamfanoni suna lissafa kiran gida kamar kana gida, wanda zai iya warware maka batun Mama da lambarka ta ainihi. Wasu kuwa suna rufe shi a waje ko su caje shi da tsada, don haka sai an tambaya. Idan Turai za ka, ka sani cewa tun 15 ga Yunin 2017 layin da aka saya a wata ƙasa ta Tarayyar Turai yana aiki a sauran ƙasashen tarayyar ba tare da ƙarin kuɗin amfani da layi a wata ƙasa ba, amma wannan rangwame bai shafi kiran yawancin ƙasashen da ke wajen tarayyar ba.

Dalili mafi nauyi na mallakar layi mai aiki a inda kake shi ne gaggawa. WhatsApp da ire-irensa ba sa kiran 'yan sanda ko motar asibiti ko 'yan kwana-kwana. Lambar gaggawa 112 ce a Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya, kuma ta layin waya ake samun su, inda ma'aikata ke iya gano wurin da mai kira yake. A wasu ƙasashe kiran yana shiga ko babu SIM a waya, a wasu kuwa sai da shi.

Mai Shirin Tafiya ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Zan tuntuɓi kamfanin layina a kan kiran Wi-Fi a wannan makon, in kuma gwada ɗaya daga cikin manhajojin da Hajiya ta ambata a wayar Mama kafin in tashi. Abin da ya rage mini shi ne in tabbatar ko wayata tana karɓar eSIM. Idan akwai wanda ya san inda ake duba hakan a cikin saitin waya, ina roƙon ya yi mini bayani.