Kaset ɗin Baba sun haura 400, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana akwatin ƙarfe biyu maƙil da kaset a gidanmu na Gwammaja, sun haura 400, ga CD kamar 60. Akwai na Shata da Ɗankwairo, akwai wa'azi, akwai waɗanda shi da kansa ya naɗa a wajen biki. Hajiya ta matsa tana son ji, rediyon kuma ya fara cin zare. So nake in mayar da su kan kwamfuta da memori. Wani yaro a kasuwa ya ce in kawo, kwana uku ya gama. In ba shi?

Mai gyaran rediyo, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena, yi lissafi. Kaset sai ya juya daga farko har ƙarshe kafin a kwashe shi. C60 awa ɗaya ne, C90 awa ɗaya da rabi. Naka aƙalla awa 400 ke nan, kwana uku kuwa awa 72 ne ko yaron bai runtsa ba. Sunan da ke jikin kwali zai duba, ya tura maka abin da ke kwamfutarsa, shi ke nan.
Ka daina sa su a wannan rediyon. Nemi dek, wato injin kunna kaset, mai lafiya, a sake masa bel, a goge kan da ke karanta zaren da auduga da sifirit. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye, ga zafin Kano ga ƙurar hunturu, fara juya shi da biro ka ji ko ya ɗafe.

Wata 'yar uwa, Tarauni:
Yayana, ware su tukuna. Waƙoƙin da suka shahara za ka same su ko'ina. Na bikin nan da Baba ya naɗa, su ne babu a hannun kowa, da su za ka fara.

Ɗalibin BUK:
Jona dek da kwamfuta ta hanyar kebul, ka naɗa da manhajar Audacity, kyauta ce. Adana na asali a WAV, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, minti ɗaya kusan MB 10, wato awa 400 za ta ci kusan GB 250. FLAC, wani tsarin da ke matse fayil ba tare da rage inganci ba, kusan rabin haka. Sai ka fitar wa Hajiya MP3 a memori, ta sa a ƙaramar sifika. CD ba wahala, 'yan mintuna ne. Kar ka naɗa da wutar janareto, takan shigo da ƙugi, batir ya fi. Hadis, wato ma'ajiyar fayil ta kwamfuta, biyu za ka saya, ɗaya ya kwana a wani gidan. Kuma kar a zubar da kaset ɗin bayan an gama.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Daren jiya muka zazzage akwati ɗaya, mun ware 37 masu rubutun hannun Baba. Ɗaya an rubuta "kamu, 1984". Hajiya ta karɓe shi ta sa a ƙasan filo, ta ce ba mai taɓawa sai an kawo dek ɗin.