Bayan tiya akwai wata caca: gargaɗi ne ko baƙin ciki?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Jiya a majalisarmu maƙwabcina ya cinye ni a dara, ya miƙe yana kuri har mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo kallo. Na ce masa bayan tiya akwai wata caca, sai ya ce baƙin ciki nake yi masa. Ni a sanina wannan magana gargaɗi ce ga wanda ya ci, cewa wasa bai ƙare ba, don haka manyan zauren nan su raba mu.

Malamin Arkilla: Wa alaikumus salam. Kafin a zo kan kuri, me ya kai ka kiran wasanku caca, alhali Allah ya haɗa ta da giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida?

Ɗan Mabera: Allah gafarta Malam, ko sisi ba mu sa ba, karin magana ce kawai.

Baba Mai Goro: Yaro, ba a wurin ka jefa ta ba. Yadda muka ji daga manya, wanda aka yi wa tiya shi aka cinye ƙaf, saboda haka lallashinsa ake yi da ita, ba mai nasara ake ja wa kunne ba.

Ɗan Mabera: Baba, waɗanne manyan?

Na Runjin Sambo: Ku bar wahalar da kanku, Sakkwato ta riga ta fassara ta. A zaɓen gwamna na 2019 Tambuwal ya sha da ratar ƙuri'a 342 kacal, mutanensa suka hana mu barci da kuri, ga shi a 2023 Ahmad Aliyun da ya kayar ne ya shiga gidan gwamnati.

Hajiya Gawon Nama: Ƙanena, Tambuwal bai nemi gwamna a 2023 ba, Sa'idu Umar ne ya tsaya, shi kuwa sanata ya nema kuma ya samu. Wa ya fi ku cika baki tun ranar?

Malamin Arkilla: Subhanallah, yanzu kuma zaɓen ma ya zama caca?

Shugaban Zaure: Jama'a, a tsaya haka. Abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda misalin 2019 ya kashe bakin zancen, gyaran Hajiya kuwa bai taɓa komai ba. Batun tiya sai Baba ya kawo mana hujja. Wanda ya sake sako siyasa zan fitar da shi.