Wasannin yara na unguwa a dogon hutu, kun gamsu kuwa?

Maman Khalifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum iyaye. Dan Allah masu tura yaransu wajen ƙwallo da matasan unguwa ke shiryawa in an yi dogon hutu, kuna ganin amfanin abin kuwa? Nawa maza biyu sun isheni da naci, babansu ya ce shi dai kar a taɓa islamiyya, ni kuma tsorona abokan banza, duk da na san gara filin da wankan kududdufi da damina amma wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Baban Ummi, Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni kam alhamdulillah na gamsu. Ɗana ƙwallon kwando yake zuwa, tun da ya fara ya rage danna waya, ana isha'i ya yi barci, kuma kocin nasu da an kira magariba yake sallamar kowa ba wani ƙarin minti biyar. Kar ki manta Masai Ujiri a Zariyar nan ya tashi ya fara kwando, shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors a lokacin da suka ci kofin NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, a 2019. Ba kowa zai kai can ba, tarbiyyar ce ta fi min.

Kawu Bala, Sabon Gari:
Ya danganta da hannun da yaro ya faɗa. Namu an karɓi kuɗin rajista da na riga, rigar shiru har hutu ya ƙare, filin ga fasassun kwalabe, ɗan shekara 8 a haɗa shi da ƙato mai gemu, yaro ya ji ciwo ko auduga babu. Hajiya ki tura babansu ya je ya tsaya a bakin fili ya ga waye kocin, ɗan gidan waye, ya tambayi mai unguwa kafin ki biya ko sisi.

Ummu Aisha, Gyallesu:
Ni abin da ke ci min rai 'ya'ya mata. Komai na maza ne, su sai wanke-wanke da reno har a koma makaranta. Da muna gaɗa da carafke a dandali, yanzu wa zai bar 'yarsa? A samo mana harabar makaranta mai katanga da malamai mata, ko ranar Alhamis da Juma'a da babu islamiyya, wallahi ni ce farkon biya.

Maman Khalifa, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Kawu gobe da la'asar babansu zai leƙa in sha Allah. Ummu Aisha in kun fara ki sa ni, ina da ƙanwar miji 'yar shekara 10.