Mako tara muna Yamai muna jiran takardar riƙon marainiya: mu zauna ko mu koma gida?

Mai tambaya, daga Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki, domin kwana goma suka rage mini in yanke shawara. Ƙanena ya rasu a Yamai bayan babbar salla, inda ya shekara tara yana sayar da kayan gyaran babura, matarsa kuwa, wadda Bazabarma ce, ta riga shi da shekara biyu. Sun bar yarinya ɗaya mai shekara huɗu. Dangin ɓangarorin biyu sun zauna, kakarta ta wajen uwa ta faɗa da bakinta cewa ƙarfinta ya ƙare, ta yarda mu ɗauke ta mu riƙe. Da aka yi dogon hutun makaranta sai na ɗebo mai ɗakina da 'ya'yanmu maza biyu, muka bi ta Bunza da Kamba muka shiga Gaya, muka wuce Dosso zuwa Yamai, da zaton mako biyu ya ishe mu. Yau mako tara ke nan.

Ashe ba a yi wa yarinyar takardar haihuwa a kan lokaci ba, don haka sai da kotu ta yanke hukuncin da ke tsayawa a madadinta, sannan aka rubuta takardar zaman dangi, kuma duka biyun suna hannunmu. Abin da ya rage shi ne hukuncin riƙo da izinin fita da ita, an kuma ɗage zaman sau biyu, na farko saboda kawunta bai iso daga Dosso ba, na biyu saboda hutun alƙalai. Muna haya a ciki da falo a jaka 45 na sefa, wato sefa dubu 45, duk wata, ga kuɗin wuta da ruwa, ga zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da ƙaramin ɗana mako guda cur. Da safe in tafi kotu ko wurin tafinta, tunda komai da Faransanci ake rubutawa, mai ɗakina ta tafi kasuwar Wadata cefane da yaran uku a bayanta. Yarinyar Zabarmanci ta fi ji, sai a makon nan ta daina kiran matata Tanti ta koma Inna, ta kuma yarda ta kwana a gidan sauro ɗaya da ita. An koma makaranta a gida, babban ɗana yana aji biyar, hutun da na ƙara a wurin aiki ma ya zo ƙarshe. Shin in bar matata da ƙaramin yaron da marainiyar a nan in koma da babban, ko mu koma gaba ɗaya mu bar ta wurin kakarta har ranar zama?

Wata uwa, daga Argungu:
Allah ya jiƙan mamatan, ya saka maka da alheri. Shawarata ita ce matarka ta gaggauta shayar da jaririyar, domin ta zama 'yar'uwar 'ya'yanka ta nono, a huta da maganar hijabi idan sun girma. Haka yayata ta yi da wanda ta ɗauko.

Malamin Islamiyya, daga Gwandu:
Baiwar Allah, ai ya ce shekararta huɗu, shayarwar da ke haramta aure kuwa ita ce wadda aka yi cikin shekara biyun farko. Shi baffanta ne, muharraminta ne tun asali, 'ya'yansa kuma 'yan'uwanta ne da aure ya halatta a tsakaninsu, sai a kula da tarbiyya a raba makwanci idan lokaci ya yi. Abin da nake so Malam ya lura da shi shi ne kalmar da za a rubuta a takardar. Dokar da aka gada daga Faransa ta san ɗaukar ɗa irin wanda ke sauya nasaba, Suratul Ahzabi kuwa a aya ta 4 da ta 5 ta hana wannan, ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Ka tabbata tafinta ya karanta maka cewa riƙo ne aka rubuta, sunan ƙanenka yana nan a matsayin mahaifi. Kuma a mazhabar Malikiyya kakar wajen uwa tana gaban dangin uba a haƙƙin reno, saboda haka yardarta ita ce jarinka, kada ka yi abin da zai ɓata mata rai.

Direba, daga Kamba:
Alhaji, gaskiya wahalar nan kai ka ɗora wa kanka. Shekara ashirin ina wannan hanya, yara nawa na ga an tsallako da su ba wanda ya tambayi takarda? 'Yar ƙanenka ce, jininka ce. Ka iso Gaya da asuba, mai babur ya bi da ita da mahaifiyar yaran ta gonaki, ku haɗu a Kamba ku yi kalaci. Kuma jaka 45 an cuce ka, ni na san ɗaki a unguwar Harobanda a jaka 20.

Hajiya, daga Jega:
Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah kada ka bar yarinyar nan ka dawo, ko da na kwana uku ne. Ni abin da ya same ni ke nan a 2019, kuma har yau ban warke ba. Ɗan ƙanwata ne, shekararsa uku, uwarsa ta rasu a Dosso, uban kuma ya daɗe da tafiya ci-rani ba labari. Na zauna da shi wata biyu a ɗakin da wata maƙwabciyarsu ta ba ni aro, ina dafa mana abinci a kan gawayi a bakin ƙofa, ina wanke masa kai saboda makero da ya cinye masa rabin gashi, har ya warke ya yi kumatu. Kakarsa ta wajen uba ta yarda, an yi zaman dangi, saura sa hannun alƙali. Sai maigidana ya aiko cewa azumin tsofaffi ma ya wuce balle haƙurinsa, in dawo in ga gida in koma. Na dawo a watan Agusta da niyyar mako ɗaya, kwana huɗu da isowata aka rufe iyaka, kuma kowa ya san ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Maza suna bi ta daji, ni mace ce mai ciwon ƙafa, maigidana ya ce bai yarda ba.

Duk wata ina aika kuɗi, ana ce mini yaro yana lafiya. Da aka buɗe na tafi da sababbin kaya da takalmi, na tarar wani baffansa da bai taɓa leƙo mu ba lokacin jinya ya zo ya ɗauke shi ya kai shi ƙauye, daga can aka tura shi almajirci wani gari. Takardar zaman dangin da nake taƙama da ita aka ce mini ba ta da amfani tunda wani ya tayar da magana. Na bi sawu har ƙauyen, na kwana biyu a zauren mai gari, da aka kawo mini shi bai gane ni ba, ya ɓuya a bayan wata mata yana kuka. Takalmin nan yana cikin akwatina. Duk wanda ya ce maka ka koma ka dawo bai san yadda zuciyar dangi ke juyawa ba idan ido ba ya ganin ido. Matarka ta zauna, ko gari za ta sha.

Wata uwa, daga Argungu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, yanzu yana ina? Kina jin labarinsa?

Hajiya, daga Jega:
Bara wani ɗan garinsu ya ce ya gan shi yana tura kurar ruwa. Na ba da saƙo, ban san ko ya isa ba.

Lauya, daga Gusau:
Hajiya, Allah ya haɗa ku da alheri. Malam mai tambaya, ina roƙonka ka yi watsi da maganar babur. Tun shari'ar jariran da aka ce an shigo da su Nijar daga Najeriya ta ƙasar Benin a 2014, hukumomin can ba sa wasa da maganar yaro da iyaka, a namu ɓangaren kuma akwai hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP tun 2003. Mutumin da aka tsayar a daji da yarinyar da ba ta jin harshensa sosai, ba takarda a hannu, zai daɗe yana bayani kafin a yarda baffanta ne, kuma shari'ar da ka kusa gamawa za ta rushe. Abin da zai taimake ka shi ne sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce duk wanda aka haifa a waje alhali ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ka je ofishin jakadancinmu da ke Yamai da takardar haihuwar da takardar rasuwar ƙanenka da shaidar zamansa ɗan ƙasa, ka fara neman takardar tafiyarta tun yanzu, kada ka jira sai hukunci ya fito.

Direba, daga Kamba:
Barista, da girmanka, ka taɓa taka Gaya kuwa? Dokar Najeriya ka karanta, mutumin nan kuma a kotun Nijar yake. Mu da ke kwana a kan iyaka mu muka san abin da ke gudana.

Lauya, daga Gusau:
Ban ce na san tsarin kotunsu ba, shi ya sa ban ce masa ga ranar da za a gama ba. Amma ranar da aka kama shi, kai kana tasha kana lodi, irina za a kira.

Hajiya, daga Jega:
Ku duka biyun ba wanda ya taɓa kwana da maraya yana kiran uwarsa cikin dare. Ku bari waɗanda suka ɗanɗana su yi magana.

Bagobiri, daga Shinkafi:
Malam, ai tunda ka faɗa hannun Zabarmawa sai haƙuri, waɗannan abokan wasan namu ko gaisuwa sai sun ɗage ta zuwa mako mai zuwa. Ka samo Bagobiri ɗaya ya shiga gabanka, ka ga yadda kawun nan zai taho daga Dosso a guje da kwanon dambu da zogale a kansa. Allah dai ya raya marainiya.

'Yar kasuwa, daga Yauri:
Mu dawo kan lissafi, domin shi ne zai yanke maganar. Direba ya ce jaka 20, ni kuwa a farkon shekarar nan na biya jaka 60 a ciki da falo kusa da unguwar Yantala, sai da na ba da kuɗin wata uku a gaba, ban da na dillali. Ɗakin jaka 20 a Harobanda da damina, ka tambaya ko ruwa yana shiga kafin ka kai yara. Sannan masu ba da labarin 2019 su tuna cewa a lokacin jaka ɗaya ba ta kai naira 700 ba, yanzu ta haura naira 2,000, wato albashin ma'aikaci narkewa yake yi da zarar ya tsallaka. Ni abin da na yi, shinkafa da manja da garin tuwo daga gida nake sa a kawo mini, cefanen miya kawai nake yi a can, kuɗi kuma ta Nita, kamfanin aika kuɗi na Nijar, ake turo mini. Wuta ma ka sa a lissafi, mun ga yadda aka sha duhu a 2023 lokacin da aka yanke layin da ke tashi daga nan Birnin Kebbi zuwa Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Ga shi Nijar ta fita daga ECOWAS tun Janairu 2025, kowace safiya mutum yana shiga ne da addu'a kada wata sabuwar doka ta riske shi a can. Idan matarka za ta zauna, ka bar mata kuɗin wata biyu a hannu da katin shaidarta da takardar aurenku.

Direba, daga Kamba:
Jaka 60 kuwa sai dai in da na'urar sanyaya ɗaki. Hajiya, dillali ya ga baƙuwa ne.

Ma'aikacin jinya, daga Zuru:
Ni abin da ya tsaya mini a rai a labarin Hajiyar Jega shi ne baffan nan da bai zo jinya ba amma ya zo ɗaukar yaro. A gidanmu ma haka aka yi. Yayanmu ya rasu ya bar yara uku da gona da injin niƙa, ranar sadakar uku kowa yana kallon ƙasa da aka ce wa zai ɗauki yaran, ranar da aka zo maganar gona kuwa zaure bai ɗauke mu ba. Malam mai tambaya, ina shagon ƙanenka da kayan da ke ciki? Wa ke riƙe da makullin? Kada ka yi mamaki idan jinkirin kawun nan yana da alaƙa da wannan.

Malamin Islamiyya, daga Gwandu:
Kada mu yi wa bawan Allah mummunan zato ba mu ji daga gare shi ba. Amma maganar tana kan hanya, 'ya ɗaya tilo rabin dukiyar mahaifinta take gada, kuma wajibi ne a ƙididdige a rubuta da shaidu, a ajiye mata har ta yi hankali. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta isa gargaɗi ga mai cin dukiyar maraya.

Mai tambaya, daga Birnin Kebbi:
Na gode muku ƙwarai. Makullin shagon yana hannun yaron da ke taya marigayi aiki, ba a ƙirga kayan ba tukuna. Kawun ya kira jiya da dare ya ce zai shigo ranar Talata. Abin da har yanzu ba wanda ya amsa mini shi ne, idan na koma bakin aiki aka kira zama ba na nan, matata za ta iya tsayawa a madadina, ko sai an sake ɗagewa?

Wata uwa, daga Argungu:
Ba a ƙirga ba har yau, wata uku da rasuwa? Haka aka yi wa 'ya'yan maƙwabcinmu, shago cike da atamfa, kafin a gama takaba saura kantar shagon da ma'auni, yaran kuma aka rarraba su gidaje ana aikensu talla. Babbar cikinsu ita ke kawo mana ƙosai da safe, shekararta tara, ba ta taɓa shiga aji ba, kuma wanda ya karɓi shagon a sahun gaba yake salla.