Shawarwari ga 'yan Birtaniya mazauna Faransa

Da aka tattauna zaman 'yan Birtaniya a Faransa, maganar takardu ce ta fi cin lokaci. Tun daga Janairun 2021, ɗan Birtaniya da ba shi da biza ko katin zama ba ya wuce kwana 90 cikin kwana 180. Waɗanda suka daɗe a can sun ce a fara neman katin lafiya na Vitale, sannan a haɗa da ƙarin inshora, domin gwamnati ba ta biyan kuɗin likita duka. Haraji kuwa, a ganina nan aka fi yin sake. Kowace shekara sai mutum ya bayyana wa hukumar harajin Faransa asusun bankin da ya bari a Ingila, in bai yi ba a ci shi tara.