Neman kalma: na'urar da ke auna ruwan dagwalo ba tare da ta taɓa shi ba

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma ɗaya ta gagare ni tun shekaranjiya, shi ne na kawo ta gabanku. Ina rubuta takardar horo da Hausa domin ma'aikatan da ke kula da bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa, irin wanda ke kwashe ruwan wasu unguwannin Abuja ya kai shi matatar Wupa. Sai na iso kan na'urar da Turawa ke kira non-contact flow meter. Na rubuta "mitar ruwa", na goge, domin duk wanda ya ji haka kuɗin famfo zai tuna.

Bari in faɗi aikinta tukuna, don kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba. Ana rataye ta ne a cikin ramin da ma'aikata ke bi su sauka, a saman ruwan, kanta na kallon ƙasa. Abu biyu take yi. Tana aika sautin da kunnen mutum ba ya ji, ko kuma igiyar rada (radar, irin igiyar rediyon da ake gano jirgin sama da ita), ya bugi fuskar ruwan ya dawo, kamar yadda jemage ke gane bango a cikin duhu. Daga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo take sanin zurfin ruwan. Sannan tana harba rada a karkace kan 'yan igiyoyin da ke fuskar ruwan. Abin da ya dawo mata yakan ɗan sauya gwargwadon saurin ruwan, irin sauyin da kake ji a jiniyar motar asibiti idan ta tunkaro ka da kuma bayan ta wuce. Christian Doppler, ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya bayyana wannan a 1842. Tunda an riga an shigar mata da faɗi da siffar bututun, sai ta haɗa zurfi da gudu ta fitar da yawan ruwan da ke wucewa.

To, me za mu kira ta?

Ƙari, bayan sallar la'asar. Na gode, na karanta amsoshinku duka. Mafi yawa sun ce "ma'aunin gudun ruwa", kuma a nan ne nake son mu daɗe kaɗan, domin a ganina kuskuren da zai fi yi mana illa ke nan. Gudu daban, yawan abin da ya wuce daban. Ɗauki bututu mai faɗin mita ɗaya, ruwa ya kai rabinsa, yana tafiyar rabin mita a kowace daƙiƙa. Abin da ke wucewa ya kusa lita 200 a daƙiƙa, wato kusan durom guda. Idan ruwan ya sauka ya koma ɗan siriri a gindin bututun, ko da saurinsa bai canza ba, abin da zai wuce bai fi 'yan bokitai ba. Gudu ɗaya, kaya daban. Wanda ke kula da matata ba sauri kaɗai ya dame shi ba, so yake ya san durom nawa ke tahowa, ko injinansa za su iya ɗauka. Idan muka bar kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu, ranar da ma'aikaci ya bugo waya ya ce "gudu ya ƙaru", babu wanda zai san abin da yake nufi.

Saboda haka ina ganin mu raba su uku: zurfi, gudu, kwarara. Kwarara ita ce yawan ruwan da ya wuce a cikin wani lokaci. Wani ya kawo "malala", amma malala ruwan da ya bazu a ƙasa ne ba shi da hanya. "Gudana" kalma ce mai kyau, sai dai ta yi kusa da gudu a kunne, kuma muna amfani da ita ga taro da bincike da komai. Kwarara kuwa da ka ji ta ka ji ruwa mai yawa yana bin hanyarsa.

Malam, kai da ka ce a bar "mita" tunda kowa ya san mitar wuta, Allah ya ƙara ilimi, hujjarka ba ta da laifi, kuma ni ma ba na gaba da kalmar aro idan ta zauna. Amma dubi jimlar da zan rubuta: a ɗaura mita a tsayin rabin mita, tana auna mita nawa ruwa ke yi a daƙiƙa. Ga mitar rediyo, ga mitar da ake yi wa mutum idan ya yi laifi. Kalmar ta riga ta yi kaya da yawa. Ma'auni tamu ce, mun saba da ita a ma'aunin zafi, ba ta da wannan ruɗani.

Batun ruwan kansa ba mu sha wahala ba. "Najasa" ta fi dacewa da babin tsarki, kuma ba ta haɗa ruwan wanke-wanke da na masana'anta ba. "Ruwan dagwalo" ya ɗauke su duka. Na karɓa.

Ƙari na biyu, da dare. Yanzu saura ɓangaren da ya fi wuya, wato rashin taɓawar. An kawo "marar taɓa ruwa", daidai ne amma ya yi tsawo, ba wanda zai faɗe shi yana tsaye a bakin rami. An kawo "na hange", na so shi da farko, sai na tuna hange na abin da ke nesa ne, ita kuwa na'urar nan tana dab da ruwan. "Na rataye" ya faɗi yadda aka ɗaura ta, bai faɗi yadda take aiki ba.

Sai wata Hajiya, malamar Hausa, ta rubuto layi ɗaya: wanda ya tsaya a bakin rijiya yana duba ruwa, me yake yi? Leƙe. Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin warware mana. Ma'aunin leƙe. Kallo ne daga sama zuwa cikin rami, kusa-kusa, ba tare da an jiƙe ba, ita ma na'urar abin da take yi ke nan.

Abin da ya ƙara sa kalmar ta kwanta mini shi ne ta zo da 'yar'uwarta. Tsohuwar hanyar ita ce a kafa na'urar a gindin bututu, a cikin ruwan. Wannan sai mu ce ma'aunin nutso. Da ka faɗi sunayen biyu, leƙe da nutso, ka gama rabin darasi. Ma'aikaci zai gane da kansa dalilin da ya sa na nutso yake yawan ba da lissafin ƙarya: yashi ya binne shi, maiƙo ya lulluɓe shi, tsumma da leda su sarƙe shi. Duk mai shakkar abin da ke yawo a cikin irin wannan bututu ya tuna dunƙulen maiƙo da tsummokin goge jiki da aka tarar a unguwar Whitechapel ta Landan a 2017, mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250. Kuma duk lokacin da na nutso ya toshe, mutum ne zai sauka ya share shi. Wannan shi ne abin da ya fi damuna. A cikin ramukan nan akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda idan ta yi yawa takan kashe jin warin ma, mutum ya ɗauka ta tafi alhali tana nan, ya faɗi. Masu yasar masai da tsofaffin rijiyoyi a garuruwanmu sun san wannan haɗari. Na leƙe kuwa sau da yawa daga sama ake ciro shi a duba a mayar. Ina so sunan ya riƙa tuna wa ma'aikaci cewa an yi na'urar ne don a rage masa shiga ramin.

Wani ƙanena ya ce leƙe na da wata ma'ana marar daɗi, ta mai leƙen gidan mutane. Gaskiya ne, ƙanena, amma muna cewa leƙa rijiya, leƙa tukunya, leƙa marar lafiya, ba a ji komai. Idan kalmar ta biyo bayan "ma'auni" ba za ta ruɗa kowa ba.

Injiniyan da ya tambaya game da na'urar da ke harba hasken leza cikin ruwan ta auna gudu a ƙarƙashin fuskarsa: ita ma ta leƙe ce, tunda jikinta na sama. Sai mu ce ma'aunin leƙe mai rada, ma'aunin leƙe mai leza. Haka wanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin gada don auna kogi ko babban lambatu, sunan ya ɗauke shi, kuma wannan ne zai fi shafar birane irin Kano, inda yawancin dagwalo a buɗaɗɗun magudanai yake bi.

Sunan ya kuma fallasa rauninta. Mai leƙe sai da sarari tsakaninsa da abin da yake kallo. Idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi bututu ya cika ya tumbatsa har ruwa ya haɗiye na'urar, leƙe ya ƙare, shi ya sa wasu ake haɗa musu ƙaramin ma'aunin nutso na ko-ta-kwana. Haka idan ruwan ya kwanta luf babu ko ɗan motsi a fuskarsa, rada ba ta samun abin kamawa.

Ga abin da zan sa a takardar: cikakken suna, ma'aunin kwarara na leƙe, a bakin aiki, ma'aunin leƙe, kishiyarsa, ma'aunin nutso. Ranar Litinin zan karanta wa ma'aikatan su ji, idan ya yi musu nauyi a baki zan dawo in faɗa muku. Ramin da ake sauka ta cikinsa har yanzu "ramin shiga" na rubuta, kuma bai gamsar da ni ba. Mai wata kalmar ya ajiye ta a ƙasa.